Tsirkiya Biyu a Jitar Yaya

Litinin, bakwai da kwata na safe

Injiniya ya ba mu rana a situdiyonsa. Asabar ta uku daga yau, tara na safe zuwa biyar na yamma, waƙa huɗu. Ya ce in muka yi wasa da ranar sai dai mu jira baɗi, don wurinsa ba ɗakin hira ba ne. Shekara shida muna kiɗan rok a filayen makarantu da ɗakunan taro, rabin mutane na tsalle, rabi na kallonmu kamar mun sami taɓin hankali, yau dai ga shi za a naɗe mu. Na yi murna. Wallahi na yi, har na ƙona harshena da shayi.

Abin da ya tsaya min a wuya na jiya ne.

Dokar ƙungiyarmu ɗaya ce, kuma Yaya ya kafa ta tun kafin in shigo. Shi ke saita jitarsa da kunne, ya kaɗa mana tsirkiya ɗaya bayan ɗaya, ni da Shiru mai jitar bes mu bi sautinsa. Ba a shigo mana da 'yar na'urar nan da ake maƙalawa a kan jita ta nuna kore in sauti ya daidaita. Shiru ya taɓa zuwa da ita, Yaya ya cilla ta ta taga, ya ce duk wanda sai fitila ta gaya masa gaskiya ya je ya nemi aikin ba da hannu a titi.

Jiya siraran tsirkiyoyinsa biyu sun karkace. Ba sosai ba, amma sun karkace. Ya kaɗa su, ya saurara, ya gyaɗa kai irin yadda ya saba in abu ya yi masa daidai. Ban ce komai ba.

Talata, bakwai saura na yamma

Yau ma. Biyun dai.

Laraba, ƙarfe ɗaya na rana, a shago

Injin hoton takardu ya yi zafi ya ƙi aiki, mai shago ya fita neman mai gyara, na sami sararin rubutu.

Jiya muna naɗe wayoyi Shiru ya matso kusa da ni. Mutumin da sai ya yi mako bai haɗa jimla biyu ba, ya ce, "Kin ji?" Na ce, "Na ji me?" Ya dube ni, ya ɗauki jakarsa ya tafi. Na tsani irin wannan kallon nasa.

Ina 'yar shekara tara Yaya ya fara koya min, shi yana da sha bakwai. Sai ya sa in fuskanci bango, ya kaɗa tsirkiya a bayana, ya ce in rera sautin. In na kuskure ya ɗalle min ƙeya. Wata huɗu muka yi a haka kafin ya bar ni na taɓa jitar, ranar kuwa na buga har yatsuna suka yi bororo, Umma ta yi masa tas, ta ce zai lalata wa yarinya hannu. Shi ya fara cewa ina da murya, lokacin da kowa a gidan ke cewa ina da surutu. Shi ya tsaya gaban makirfo ranar wasanmu na farko da ni, ya ce wa mutane, "Ga ƙanwata, daga yau ita ce mai waƙa," ni kuwa ina laɓe a bayan lasifika.

Kunnen nan da nake jin kuskurensa da shi, shi ya gina min shi. To da wane bakin zan faɗa?

Alhamis, takwas na safe

Sau uku Umma ta kira Yaya daga ƙofar kicin yana ɗaura takalmi. Sai da ta zagayo ta damansa ya ɗago. Ta ce, "Kai dai tunani ya yi maka yawa." Ya yi dariya ya ce aikin walda ne, ƙarar injin yanka ƙarfe na bin mutum har gida.

Yanzu na lura a siton da muke atisaye ma ya canza wurin tsayuwa. Dā yana daman Dogo mai ganga, yanzu ya koma ɗaya gefen. Yaushe ya koma? Ban sani ba. Ina can ina kallon kaina.

Akwai kalmar da ba zan rubuta a littafin nan ba.

Asabar, bakwai na yamma

Na yi abin da ban taɓa yi ba.

Siton da muke atisaye a bayan shagon faci yake, ba iska, bango duk kwalin ƙwai, warin roba kamar ya kashe mutum. Bayan waƙa biyu Yaya kan fita ya watsa ruwa a fuska. Yau da ya fita ya jingina jitarsa da amfilifaya, akwatin ƙara sauti, sai na ga hannuna a kan maɗauran tsirkiyar. Na rage ƙara, na murɗa na farko kaɗan, na murɗa na biyu. Bai fi numfashi goma ba. Shiru ya juya baya yana karanta kwalin ƙwai kamar jarida.

Yaya ya dawo, Dogo ya ƙirga mana huɗu, muka shiga. Ya Allah! Rabon da mu yi daɗi haka na manta. Muryata ta sami wurin zama, ba ta lalube. Dogo ya wurga sanda sama ya ce, "Yau wa ya yi mana addu'a?" Yaya ya ɗan yamutsa fuska a tsakiyar waƙa ta uku, ya dubi wuyan jitar, amma bai tsaya ba.

A hanya ya saya min lemo, ya ce na yi ƙoƙari. Na sha ban dube shi ba.

Lahadi, tara na safe

Ba sata na yi ba. Gyara na yi.

Talata, bakwai na yamma

Dogo ya gane, don Shiru ya gaya masa. Wai yau Shiru ne mai kai labari! Dogo ya ɗauki abin kamar wasa, shi ne mai fitar da Yaya waje. Jiya ya ce masa mai faci na nemansa. Yau ya ce babur ɗinsa ya tare wa wata mota hanya. Yaya ya dawo yana faɗa, ya ce ba mota ba dalilinta. Dogo ya ce, "To ta gaji da jira ta tafi, Oga."

Na yi dariya tare da su. Da na dawo gida na ga dariyar ba ta da kyau. Mu uku muna zagaye mutum ɗaya, kuma mutumin shi ya tara mu.

Sau huɗu ke nan. Ban ce komai ba.

Laraba, shida da rabi na yamma

Injiniya ya leƙo sito ba sanarwa, wai yana so ya ji mu kafin ranar. Ya zo daidai lokacin da Yaya ya gama saiti, babu damar fitar da kowa. Muka buga waƙa ɗaya haka nan. Ya tsaya bakin ƙofa hannu a aljihu, fuskarsa ba ta ce komai ba.

Da zai tafi ya ce in raka shi bakin titi. Ya ce, "Muryarki ta yi. Mai ganga yana gudu amma zan kama shi. Babban naku fa?" Na ce, "Yayana ne." Ya ce, "Ban tambaye ki dangantaka ba. Hannunsa ya fi na kowa a cikinku, amma jitarsa a karkace take, kuma na ga bai sani ba. A fili ƙara na rufe irin wannan. A wajena ba abin da ke ɓuya. Ko dai wani ya saita masa, ko ki buga nasa ki buga naki, zan naɗe su daban-daban. In kuka zo min haka, ƙarfe goma zan sallame ku."

Na koma ciki Yaya ya ce, "Me ya ce?" Na ce, "Ya ce Dogo na gudu."

Alhamis, bakwai na yamma

Yau asiri ya kusa tonuwa. Na gyara, ya dawo, muka fara, sai ya ɗaga hannu muka tsaya. Ya kaɗa siraran biyun, ya haɗe rai, ya murɗa su ya mayar da su inda suke dā, a karkace. Ya ce, "Jitar nan ta daina riƙe saiti. Da na juya baya sai ta zame. Kwana nawa ke nan ina lura."

Ba wanda ya ɗaga ido. Dogo ya shiga ɗaure ƙusar gangar da ba ta kwance ba.

Ya ce tsirkiyoyin ne suka tsufa, gobe zai sa sababbi. Na ce, "Ƙila." Ni ce na ce ƙila. Da bakina.

Juma'a, sha ɗaya na safe

Ban je shago ba, ina wanki. A aljihun rigar aikin Yaya na sami takarda a ninke, ta yi laushi don yawan buɗewa. Ta asibitin kunne ce. Akwai zane mai layi biyu, ɗaya na tafiya miƙe, ɗaya ya gangara ƙasa ta ƙarshe. Kwanan watan da ke jiki ya kai wata biyar.

Wata biyar. Tun wasan filin ƙwallo ke nan, ranar da lasifika ta yi wannan ihun yana durƙushe a gabanta yana gyara waya. Ranar ya ce ba komai.

Na ninke ta yadda na same ta, na mayar, na rataye rigar ban wanke ba.

Asabar, biyar na yamma

Ya sa sababbin tsirkiyoyi. Na gyara, ya mayar. Na sake gyarawa, ya sake mayarwa. Kamar yara biyu masu jan zane ɗaya, sai dai shi bai san da wa yake ja ba.

Da safe na wuce ta ƙofar ɗakinsa, ba a rufe take sosai ba. Yana zaune bakin gado, ya ɗora haƙoransa na sama a kan katakon jitar, ido a rufe, yana kaɗa tsirkiya ɗaya yana sake kaɗawa. Da farko ban gane ba. Daga baya na gane ta ƙashi yake neman sautin.

Na koma kicin na buɗe famfo don kada Umma ta ji ni.

Yanzu ya ce ba tsirkiya ba ce, maɗauran ne suka cinye. Zai nemo sababbi ya canza da kansa. Shekara goma sha ɗaya jitar nan tana hannunsa. Hutun makaranta uku ya yi yana dakon ƙarfe kafin ya mallake ta, kuma ko ni sai na wanke hannu nake taɓa ta.

Litinin, bakwai na safe

Saura kwana biyar. Yau zan faɗa masa.

Litinin, bakwai na yamma

Ban faɗa ba. Yana cikin fara'a, ya samo maɗauran.

Talata, shida na yamma



Ƙarfe biyu abokin aikin Yaya ya kira ni a waya ya ce in zo wurin walda, Yaya ya zauna ya ƙi magana. Na bar kwastoma tsaye da takardunsa na hau babur.

Sababbin maɗauran sun fi ramukan kauri. Sai ya ɗaure kan jitar a matsin ƙarfe, ya sa injin huji zai faɗaɗa su. Hannun da ya saba da ƙarfe. A rami na uku katakon ya tsage har baki. Na same ta kwance a kan teburin aiki cikin garin ƙarfe, tsirkiyoyi a warwatse, shi kuma yana kan wata tsohuwar taya ya zuba mata ido.

Ya ce, "Laifina ne, Auta. Na yi gaggawa. Amma dole in gyara ta, kin ga yadda take zamewa."

Na ce, "Ba ta zamewa, Yaya."

Ta hagunsa na tsaya, bai ji ba. Sai da na zagayo na maimaita. Faɗar farko ta yi wuya, ta biyu ta fi.

Na ce, "Ni ce. Duk fitar da ka yi, ni ke murɗa siraran biyun. Tun Asabar waccan. Lafiyarta ƙalau."

Ya daɗe yana kallona. A bayanmu wani na yanka ƙarfe, tartsatsi na tashi, na ji kamar in ce ya ci gaba kada ya tsaya. Ya ce, "Su Dogo sun sani?" Na gyaɗa kai. Ya ce, "Injiniya fa?" Na sake gyaɗa kai. Ya ce, "Wato ni kaɗai."

Na fara cewa na ga takardar, ya ɗaga hannu. Ya ce, "Kwana goma ina dawowa in ji ta canza. Na ce ko dai jitar ce, ko kaina ne ya ƙarasa. Na zaɓi in ce jitar ce." Ya tashi ya sa gilashin walda ya juya min baya. Ya ce, "Koma shago, kada a kore ki."

Da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Da ya ɗalle min ƙeya.

Laraba, takwas na safe

Ya fita tun kafin in tashi. Kofinsa na nan a wanke, a kife.

Laraba, bakwai na yamma

Bai zo sito ba. Mun zauna mu uku muna jin ƙarar injin iskar mai faci. Dogo ya ce, "Ni fa wasa na ɗauka." Na ce masa ya rufe min baki, alhali ba shi ya murɗa komai ba.

Alhamis, bakwai na yamma

Bai zo ba. Shiru ya ce mu gwada ba shi, saura kwana biyu. Na ce a'a. Bayan minti goma na ce to.

Na buga nasa. Duk na iya, ashe. Shekara shida ina tsaye gefensa ina kallon yatsunsa, sun shiga nawa ban sani ba. Har wurin nan na waƙa ta huɗu inda yake jan tsirkiya ta yi kuka, na ja ta yi.  Ya yi daɗi.

Abin da ba zan gaya wa kowa ba shi ne na ji daɗin. Na wani ɗan lokaci na so ranar Asabar ta zo a haka. Allah ya yafe min.

Juma'a, huɗu na yamma

Umma na tsince shinkafa ta ce in zauna. Ta ce, "Kwana uku yayanki bai ci abincin gidan nan ba, ke kuma kina yawo kamar wadda ta fasa tulu. Ba zan tambaye ku ba." Ta ci gaba da tsinta. Can ta ce, "Kin zaci ban san ta wane gefe nake yi masa magana ba? Ni na haife shi."

Na ce, "To me ya sa ba ki ce komai ba, Umma?"

Ta ce, "Ke me ya sa?"

Na tura masa saƙo: Gobe tara. Ba zan buga naka ba sai ka ce in buga. An nuna ya karanta. Bai amsa ba.

Asabar, bakwai da rabi na safe

Ɗakinsa a rufe, babur ba ya nan.  Za mu tafi.

Asabar, shida da rabi na yamma

Tara ta yi ba shi. Injiniya ya jera makirfo, ya sa mana abin sauraro a kunne, ya dubi agogo, ya dube ni ta cikin gilashi. Tara da kwata ya ce, "Malama, me muka yanke?" Na buɗe baki ban san abin da zai fito ba, sai ƙofa ta buɗe.

Ya yi aski. Ya sa farar riga. A hannunsa wata jar jita ce ta aro, duk ta ƙoƙe a gefe. Bai gaishe da kowa ba sai Injiniya. Ya jawo kujera ya zauna a gabana, gwiwa da gwiwa, ya juyo min da damansa. Ya ce, "Ba ni sauti."

Na kaɗa ta farko, mai kauri. Ya bi, ta zauna. Ta biyu, ta uku, ta huɗu, duk ya kama su da kansa. Da muka zo kan siraran ya daina kallon jitar, ya dawo kallon fuskata. Na kaɗa, ya murɗa a hankali. Ya tsaya inda kunnensa ya ce masa, na girgiza kai. A gaban Dogo, a gaban Shiru, a gaban baƙo, na girgiza wa Yaya kai. Ya ci gaba da murɗawa. Ya wuce, na yi masa alama ya dawo kaɗan. Ya dawo. Na gyaɗa.

Ya ce, "Nan ne?"

Na ce, "Nan ne, Yaya."

Ya kaɗa ta sau biyu, na ga muƙamuƙinsa ya motsa. Ya ce, "A wajena kuwa a karkace take." Sannan ya miƙe ya rataya jitar ya ce wa Dogo, "Ƙirga mana, kuma kada ka yi gudu."

Awa bakwai ya yi yana buga abin da kunnensa ke ce masa ba daidai ba ne. Bai taɓa maɗauri ba ko sau ɗaya. Tsakanin waƙa da waƙa sai ya miƙo min wuyan jitar ba tare da ya dube ni ba, in duba, in mayar masa. Gumi ya jiƙa farar rigar sharkaf. A waƙa ta huɗu, wurin jan tsirkiyar, sau biyar yana yi Injiniya na cewa a sake, don wannan da kunne ake tsayar da shi, ba mai iya saita wa wani. A na shida ya sauke hannu ya ce, "Auta, yi wannan." Na yi. Sau ɗaya. Yana tsaye yana kallon yatsuna.

Biyar saura Injiniya ya kira mu ciki ya kunna mana. Dogo baki har kunne, yana dukan kafaɗar Shiru, Shiru ma har haƙoransa na gani. Yaya na tsaye a baya jikin bango, ya karkata kai. Na je na tsaya ta damansa. Aka gama waƙa ta farko, aka shiga ta biyu, sai ya sunkuyo ya yi ƙasa da murya don kada su ji.

Ya ce, "Ya yi daɗi?"

Na ce, "Ya yi, Yaya. Sosai."

Ya ce, "Kada ki yi min ƙarya kuma."

Na ce, "Ba zan ƙara ba."

Ya gyaɗa kai, ya tsaya har aka gama huɗun, yana kallon fuskokinmu ɗaya bayan ɗaya.